Albam ɗin Random Access Memories na Daft Punk, wai ina kiɗan rawar yake?

Ɗan_Fagge:
Salam yan uwa. Ni ina ɗan haɗa kiɗa a kwamfuta da manhajar FL Studio, wani abokina ya ce in dai ina son koyon kiɗan rawa na lantarki to in nemi Daft Punk, yan Faransan nan biyu masu sa hular kwano kamar mutum-mutumi. Na sauko da albam ɗinsu na 2013 tunda ya ci kyautar kiɗa ta Grammy, na zauna na saurari waƙoƙi 13 ɗin nan kaf, wallahi banda Get Lucky ban ji inda mutum zai tashi ya taka ba, wata ma minti tara wani dattijo yana ta ba da labarin rayuwarsa. Don Allah waɗanda suka sani, me mutane suka gani a ciki har aka yi ta yabonsa haka?

Yaya_Sule:
Wa alaikumussalam ƙanena. Wannan dattijon da ka ji ai Giorgio Moroder ne, ɗan Italiya, yana cikin waɗanda suka fara haɗa disko da na'ura tun shekarun 1970, kusan duk abin da kake dannawa a kwamfutarka jikan aikinsa ne. Kuma da gangan suka yi albam ɗin haka. A lokacin kowa a Amurka da Turai ya koma laftof, kiɗa ya zama iri ɗaya, su kuma Thomas Bangalter da Guy-Manuel, wato yan Daft Punk ɗin, da suka yi suna da na'ura sai suka juya baya suka shiga manyan situdiyo a Paris da Los Angeles da New York suka ɗauko makaɗa na gaske. Jitar da kake ji a Get Lucky hannun Nile Rodgers ne na ƙungiyar Chic, ganguna kuma a albam ɗin akwai Omar Hakim da John Robinson wanda ya buga wa Michael Jackson a albam ɗin Off the Wall. Sa abin kunne mai kyau ka sake jin ƙarshen waƙar Moroder ɗin inda ganguna suke ɓarkewa, ni duk lokacin da na ji wurin sai tsigar jikina ta tashi. Shi ne albam ɗinsu na farko da ya hau lamba ɗaya a jadawalin albam na Billboard a Amurka, kuma a Janairun 2014 suka kwashe Grammy biyar har da na albam ɗin shekara, ranar ma Stevie Wonder ya hau dandamali tare da su.

DJ_Sabongari:
Yaya Sule ka faɗi gaskiya amma yaron nan ma bai yi ƙarya ba. Lokacin da ya fito masoyansu na asali da yawa ransu bai so ba, mutum ya jira shekara takwas tun albam ɗinsu Human After All na 2005 yana tsammanin abin da zai girgiza fili sai aka miƙo masa waƙoƙi masu sanyi irin Touch. Ni a wajen aiki Get Lucky da Lose Yourself to Dance kaɗai nake iya sakawa, su ma don muryar mawaƙin Amurka Pharrell Williams ce mutane suka sani. Ɗan Fagge in kiɗan rawa kake nema koma kan albam ɗinsu Homework na 1997 da Discovery na 2001, nan ne za ka ga yadda ake yanko guntun tsohuwar waƙa a yi ta juya shi har ya zama sabon abu, shi zai fi maka amfani a FL Studio ɗinka.

Yaya_Sule:
Haka ne malam, amma ka tuna shi kansa Human After All ɗin ai an sha sukarsa da ya fito, an ce gaggawa suka yi tunda cikin sati shida suka haɗa shi, sai da suka hau dandamalin nan mai siffar dala a bikin kiɗa na Coachella a Amurka a 2006 mutane suka ji waƙoƙin a fili sannan ra'ayi ya sauya. Na 2013 kuwa ba a taɓa ba shi wannan damar ba, ba su yi yawon wasa da shi ba har suka rabu a Fabrairun 2021, abin nan har yau yana min ciwo.

Ɗan_Fagge:
Na gode sosai yaya, Allah ya ƙara girma. Yau da dare zan fara da Discovery, gobe in na ari abin kunnen yayana in koma kan waƙar dattijon.