Me ya sa 'yan wasan The Cheat na 1915 suke tafiya kamar ana korarsu?

Ɗan Majigi: Salamu alaikum jama'a. Tambayata a kan The Cheat ce, fim mara magana na Cecil B. DeMille, wanda matar wani attajiri ta ci kuɗin sadaka. A wasu kofen da ke intanet mutane na gudu-gudu sauri-sauri, kuma sunan mugun da ke cikin fim ɗin yana canzawa daga kofi zuwa kofi. Mene ne dalili, kuma yaya ake gyara kallon?

Mai Taskar Fim: Wa alaikumus salam, Malam. Matsalar majigi ce. A lokacin da hannu ake murza kyamara: juyi biyu a daƙiƙa, kowane juyi hoto 8, wato kusan hoto 16 ke nan. Da fim mai magana ya zo aka tsaida hoto 24 a daƙiƙa. In aka ɗora tsohon fim a kan 24, saurinsa ya ƙaru da rabi. Lissafa ka gani: naɗin fim ɗaya mai tsawon ƙafa 1,000 yana da hoto 16,000, ya kamata ya ci kusan minti 17, sai ya ƙare a minti 11. The Cheat naɗi biyar ne.

A VLC, manhajar kallon bidiyo, mayar da saurin 0.75, in bai isa ba 0.67. Amma fara danna harafin E kana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya. In ka ga hoto na maimaituwa, an riga an gyara, ƙara ragewa zai sa su tafiyar hawainiya.

Hajiya Marubuciya: Batun suna kuwa, a 1915 Sessue Hayakawa ya fito a matsayin Hishuru Tori, ɗan Japan mai cinikin hauren giwa. Japanawan Amurka suka yi ƙorafi, da aka sake fito da fim ɗin a 1918 sai aka canza rubutun da ke bayyana tsakanin hotuna, ya zama Haka Arakau ɗan ƙasar Bama (Myanmar). Hotunan ba a taɓa su ba.

Ka lura da ginin labarin, don nan munafuncin yake. Edith Hardy, wadda Fannie Ward ta hau, ita ce ma'ajin asusun Red Cross. Ta kwashi dala 10,000 ta zuba a hannun jari saboda son kayan ƙawa, kuɗi suka nutse. Tori ya ranta mata da sharaɗin ta ba shi kanta. Da ta kawo biya ya ƙi karɓa, ya dasa mata hatiminsa mai zafi a kafaɗa, ta harbe shi ya ji rauni, mijinta ya ɗauki laifin. A kotu ta buɗe tabon, jama'a suka yi kan baƙon. Kuɗin sadakar da ta taɓa kuwa, babu wanda ya tuhume ta a kai. A ganina fim ɗin da kansa ya faɗa ramin da yake nunawa.

Mai Taskar Fim: Gaskiya ne Hajiya. Ƙari ɗaya, Malam: kada ka ƙara hasken allonka. Alvin Wyckoff, mai ɗaukar hoton, da gangan ya haska gefe ɗaya ya bar sauran cikin duhu, inuwar mutane na faɗawa kan bangon takarda na gidan Tori. Ƙara haske na mayar da baƙin toka-toka, inuwar ta dushe. In kuma ka ga gefen hagu na rubutun ya yanke, an kwafe shi ne da injin fim mai magana, wanda ke rufe wannan gefen don layin sauti. Nemi wani kofin.