Sabbin 'yan wasa ba sa zama a gurup ɗinmu na eFootball, ina mafita?

Ɗan Anguwar Rogo ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ne ya tsaya min a rai, nake neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan.

Ni ne admin na wani gurup na WhatsApp na masu buga eFootball, gem ɗin ƙwallon ƙafa, a waya a nan Jos. Mun kafa shi tun ana ce wa gem ɗin PES, kafin kamfanin Konami da ke yin sa su sauya masa suna a 2021. Mu shida ne a lokacin, a shagon gyaran waya da nake aiki kusa da Terminus. Yau mu 84 ne, amma in aka fitar da jadawalin lig, mutum 14 ɗin nan dai na kullum za ka gani.

Kwanaki wani yaro ɗan sakandare daga Rikkos ya kawo wayarsa gyaran wurin caji. Na ga gem ɗin a allonsa, na tambaye shi, ya ce da kwamfuta kawai yake bugawa, bai taɓa karawa da mutum ba. Da hannuna na saka shi a gurup. Daren farko ya yi sallama, mutum biyu suka amsa. Washegari ya nemi abokin bugu, sai zakaranmu, wanda ƙungiyarsa katin Epic ce, wato katunan manyan 'yan wasa masu ƙarfi, tun daga gola har gaba, ya buɗe masa ɗakin wasa a gem ɗin ya zura masa 9 da nema. Ya ɗauki hoton sakamakon ya watso, aka yi ta ruwan sitika har sha ɗaya na dare. Ni ma na saka ɗaya, kuma har yanzu abin yana ci na. Kwana uku yaron ya fita. Jiya ya wuce ta gaban shago da kayan makaranta, ya gaishe ni da ladabi, amma bai tsaya ba.

Daga azumi zuwa yau mutum 19 suka shigo, uku suka rage. Na sa gasar katin waya na naira 2,000, manyan suka cinye abinsu. Ku yaya kuke riƙe naku?

Na Bukuru ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka raba lig ɗin gida biyu. Mu haka muka yi. Duk sabon shiga rukunin ƙasa zai fara, kuma kafin wasa kowa ya turo hoton ƙarfin ƙungiyarsa, wanda ya haura iyakar da muka sa ya sauke wasu katunan. Biyun farko su hau sama a ƙarshen wata. A rukunin ƙasa mun yarda a kunna Smart Assist, wato taimakon da gem ɗin ke ba mai bugu, a sama ne aka hana.

Sannan ka duba lokaci. Tun da aka ƙara kuɗin data a farkon 2025, ɗan makaranta ba zai iya wasa biyar a mako ba. Wasa biyu ya isa. In sabis ya yanke ko an ɗauke wuta waya ta mutu, a sake wasan, kar a ba ɗayan maki uku kyauta.

Malamin Farin Gada ya rubuta:

Ƙanena, shawarar Na Bukuru mai kyau ce, amma ba 9 ɗin ne ya kori yaron nan ba. Wanda ya saba bugawa da kwamfuta ya san cin kashi, ta sha lallasa shi shi kaɗai a ɗaki bai goge gem ɗin ba. Dariyar mutanen da ba su ma san sunansa ba ce ta kore shi.

Duba yadda muke wasa a al'ada. Bakano zai tsokani Bazazzagi, Bafulatani ya yi wa Babarbare tsiya, taubashi ya ce wa taubashinsa bawa, duk a yi dariya. Me ya sa ba a faɗa? Saboda zumuncin ya riga wasan zuwa. Ku 14 ɗin nan kun ci tuwon bikin juna, kun sha shayi tare a sanyin Disamba, in ɗayanku ya sa wa ɗaya sitikar jaki babu komai. Yaron da ya shigo jiya bai da wannan garkuwar. Magana ɗaya ce, amma a kunnenku wasa ce, a kunnensa wulaƙanci.

Ni malamin makaranta ne, kuma na ga irin wannan a aji fiye da a ƙirga. Ɗalibin da aka yi wa dariya ranar farko da ya ɗaga hannu, sai ya yi zango guda bai ƙara ɗagawa ba.

Abin da zan ce ka gwada: duk wanda ya shigo, ka haɗa shi da tsohon ɗan gurup ɗaya, ya zama yayansa na wata guda. Su riƙa shiga Co-op tare, suna gefe ɗaya, maimakon fuskantar juna. Ya nuna masa yadda ake rarraba makin horo a kan ɗan wasa, da dalilin da ba a danna gudu tun daga fito har tashi. Mafi muhimmanci, in yaron ya yi kwana biyu shiru, a samu wanda zai tura masa "ina ka shiga ne?"

Ɗan Gangare ya rubuta:

Malam, da girmanka, amma tsiya ita ce gishirin gem. In aka hana, gurup zai koma kamar na sanarwar ɗaurin aure. Mu ma an lallasa mu kafin mu iya.

Malamin Farin Gada ya rubuta:

Ban ce a hana ba, ɗan samari. Cewa na yi a jinkirta wa baƙo har ya zama ɗan gida. Kuma ka tuna ku nawa kuka fara tare, nawa suka kai yau?

Ɗan Anguwar Rogo ya rubuta:

Na gode ƙwarai. Malam, maganarka ta shige ni. Na saka doka yau: ba a watsa sakamakon sabon shiga sai in shi ya watsa da kansa, har ya cika wata. Mutum biyu sun yi ƙorafi, ɗaya ya ce na mayar da gurup makarantar raino, na ce na ji. Rukunin ƙasa kuma zai fara Asabar, an samu mutum bakwai, har da wasu da suka yi wata huɗu ba su ce uffan ba.

Na kira zakaran namu na gaya masa yadda abin ya dame ni. Ya yi shiru, ya ce shi bai ma lura yaron ya fita ba. Ya yarda ya zama yayan nasa in ya dawo. Ban so in tura wa yaron saƙo, gara in faɗa masa baki da baki. Wajen ƙarfe biyu da rabi yake wucewa in an tashi daga makaranta, gobe in sha Allah zan ajiye aiki in tsaya a bakin shago.