Wa ya ba ɗan sanda ikon cewa "je ka, na yafe"?

Mushe Laminu: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganata, wanda bai yarda ba ya fito. Ɗan sanda ko jandarman da ya tsayar da mota don ta wuce gudu, sannan ya ce wa direba "je ka, na yafe maka", ya saɓa doka, ko da bai karɓi ko dala ba. Dokar ba tasa ba ce balle ya yi kyauta da ita.

Alhaji Idi Direba: Wa alaikumus salam. Mushe, daga unguwar Ali Ɗan Sofo zuwa lakkol ɗinka minti nawa ne a moto? Shi ya sa kake faɗin haka. Shigo Hiyas ka raka ni Damagaram ka gani. Daga Maraɗi sama da kilomita 230, ka ratsa Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, Takeita, ban da ƙauyukan da ke tsakani, kowanne da allonsa na iyakar gudu. Wani allon ya goge, wani reshen bedi ya rufe shi, wani kuma an cire an yi ƙyauren shago da shi. In kowane ma'aikaci zai rubuta wa kowa takarda a kan kowane allo, wallahi babu direban da zai kai ƙarshen wata da parminsa a aljihu.

Sabi'u Kabu-kabu: Ni dai ban taɓa ganin yafiyar nan da ake magana ba. Wa ake yafe wa? Mai V8 baƙin gilashi ko tsayar da shi ba a yi, sai dai a sara masa. Mu ne ake yi wa usur.

Baba Ajidan: Laminu ɗana, na yi aikin hanya har na yi ritaya, bari in tambaye ka. Ƙarfe biyun dare, mota ta fito daga wajen Tibiri a guje, ka tsayar, ka haska tocila, ka ga mace kwance a kujerar baya tana naƙuda, uwarta na riƙe da kanta, mijin na rawar jiki ya kasa ma zaro takardu. Sai ka ciro biro ka fara tambayar sunan uba da ranar haihuwa? Mu abin da muke yi, mu ce ya bi a hankali, wani lokaci ma mu shige gaba da moto har ƙofar likita. In wannan saɓa doka ne, to na saɓa, kuma ba na neman gafarar kowa sai ta Allah.

Mushe Laminu: Baba, Allah ya ƙara girma, wannan lalura ce, ita kanta doka ta san lalura. Ina magana a kan wanda lafiyarsa lau, sauri kawai yake ya riga wani lodi, ya ce "shef, a yi haƙuri", a sake shi.

Rabi'atu: Ku ba ni dama in shigo, tunda ofishin lauya nake aiki kuma irin waɗannan dosiyoyi suna wucewa ta hannuna. A takarda Mushe ya fi kusa da gaskiya. Tsarin shari'ar laifuka da muke bi an kafa shi tun 1961 bisa tsarin Faransa, ana ta yi masa gyara. A cikinsa aikin ɗan sanda da jandarma shi ne su ga laifi, su rubuta, su kai. Wanda doka ta ba zaɓin a gurfanar ko a ajiye magana shi ne mai gabatar da ƙara na gwamnati, wanda ke zaune a kotu. Shi ne zai duba ya ce wannan bai kai a wahalar da alƙali ba. Laifin gudu ƙaramin laifi ne, shi ya sa aka sauƙaƙa: ka biya amandi, wato tarar da aka ƙayyade, a ba ka resi, magana ta mutu ba tare da ka taka kotu ba. Babu inda na ga an rubuta cewa ma'aikacin da ke bakin hanya yana da ikon yafewa.

Amma Mushe, kada ka yi saurin tafi. Ba a rubuta masa ikon ba, sai dai babu yadda za a raba shi da shi. Motoci goma sun wuce a guje, hannunsa ɗaya, usur ɗinsa ɗaya. Tun daga wadda ya zaɓa ya tsayar ya riga ya yi hukunci, tun kafin a zo maganar takarda.

Alhaji Idi Direba: Yawwa ɗiyata. Kuma ki tambaya mini su, da me ake auna gudun? Galibin wuraren da aka taɓa tsayar da ni ban ga na'ura ba. Ido ne. Ya ce na yi 90, ni allurata ta nuna 60. Wa za a yarda da shi?

Rabi'atu: Shi za a yarda da shi, Alhaji, nan ne ciwon yake. A ƙananan laifuka irin wannan, abin da ma'aikaci ya rubuta cewa ya gani da idonsa kotu tana ɗaukarsa gaskiya har sai kai ka kawo hujjar da ta rushe shi, ko rubutacciya ko shaidu. Rantsuwarka kaɗai ba ta isa ba. Fasinjojinka na iya zama shaidu, amma wa zai baro Tasawa ya zo kotun Maraɗi ya yini a benci saboda amandin da bai kai kuɗin motarsa da abincinsa ba? Shi ya sa kusan kowa ke biya ya wuce, mai gaskiya da marar gaskiya.

Sabi'u Kabu-kabu: To Anti, in na je gaban alƙali na ce ga motoci uku sun wuce ni a guje ba a tsayar da su ba, ni kaɗai aka kama, ba zai sake ni ba?

Rabi'atu: Ba zai sake ka ba. Tambayar da ke gabansa ita ce kai ka yi ko ba ka yi ba. Laifin wani da aka kau da kai a kansa ba ya wanke naka. Kana iya kai kuka wurin shugabannin ma'aikacin, wannan hanya ce daban, amma amandinka na nan.

Hajiya Zali: Ina karanta ku tun ɗazu ina jin haushi. Kowa na maganar direba da aljihunsa, babu wanda ya ambaci wanda ake bugewa. Ku zo ɗakin gaggawa ranar kasuwar wani gari na bakin godoro ku gani. Yarinya mai tallan gyaɗa, tire a ka, ta tsallaka don ta riga 'yar'uwarta isa tagar mota. Mota mai gudun 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, mai gudun 80 tana cin mita 22. Wannan kafin ƙafar direba ta taɓa birki ke nan. In ya taka kuma, gudun da ya ninka biyu tazarar tsayawarsa ninki huɗu take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da mota ta buga yana ninkawa sau huɗu da rabi daga gudun 50 zuwa 65. Goma sha biyar kacal, wadda Alhaji zai ce "ai ɗan ƙari ne". Wanda aka yafe wa a bakin Agye, shi ne zai shiga Gazawa da gudun nan, don ya koyi cewa haƙuri biyu da murmushi sun isa.

Alhaji Idi Direba: Hajiya, ni ma ina da jikoki a bakin titi. Ban ce a bar mahaukata ba.

Hajiya Zali: Kowane direba haka yake cewa, Alhaji. Mahaukacin kullum wani ne.

Mushe Laminu: Rabi, ga tambaya. Wanda ma'aikaci ya saki, ya yi gaba kilomita biyar ya kashe mutum. Ma'aikacin ba shi da kaso a jinin?

Rabi'atu: A wurin Allah ban isa in ce ba, ga malamai nan. A kotu direban ne zai amsa. Daga nan ya bar ƙaramin laifi ya shiga kisa ba da gangan ba, wanda ake ɗaure mutum a kansa, kuma gudun da ya yi shi ne hujjar sakacinsa. Diyya kuwa asiransi ce ke biya, bisa dokar inshora ta CIMA, yarjejeniyar da ƙasashenmu na Afirka suka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Dokar tana kare mai tafiya a ƙasa ƙwarai: ko shi ya yi gangancin tsallakawa ana biyansa raunin jikinsa, sai in an tabbatar da gangan ya nemi abin ya same shi. Direba kuwa, in shi ma ya ji ciwo, laifinsa na iya rage abin da za a ba shi ko ya hana gaba ɗaya. In motar ba ta da asiransi, to gida da gona sun shiga magana. Ma'aikacin da ya sake shi fa? Da me za ka kama shi? Bai rubuta komai ba. A takarda tsayarwar nan ba ta taɓa faruwa ba.

Baba Ajidan: Nan kam kin taɓa inda yake. Ni abin da na tsana a aikin ba yafiya ba ce, yafiyar da ba ta da shaida. In ka ja wa mutum kunne ka rubuta lambar motarsa da dalili a littafi, gobe shugabanka zai buɗe ya ga wa kake yafe wa. In duk waɗanda ka saki 'yan garinku ne da masu manyan riguna, littafin zai tona ka. In ba littafi, mai tausayi da mai karɓar na goro kamarsu ɗaya daga nesa: duka an tsaya, an yi magana ta taga, an wuce.

Sabi'u Kabu-kabu: Baba, daga kusa ma kamarsu ɗaya. "Na yafe maka" ɗin da na sani yana zuwa ne bayan dala ɗari ta shige cikin kartigiris.

Rabi'atu: Sabi'u, ka daina faɗin haka da alfahari. Doka tana hukunta mai bayarwa kamar yadda take hukunta mai karɓa. Amandi na ƙaramin laifi ka guje wa, ka faɗa babban laifi.

Nura Liyon: Salam daga nan. Faransa ta gwada abin da Mushe ke so. Tun ƙarshen 2003 suka fara kafa na'urorin rada a bakin hanya, su ɗauki hoton lamba, takarda ta iske mai motar a gida. Babu shef, babu a yi haƙuri, babu ɗan wane. Amma ko na'urar an gina mata sassauci: in gudun bai kai 100 ba ana cire kilomita 5 daga abin da ta auna kafin a yi hukunci. Bambancin kawai sassaucin a rubuce yake kuma kowa ana yi masa.

Sabi'u Kabu-kabu: Yaya Nura, takarda ta iske ni a wane gida? Moton da nake ja sunan mutum na uku ne a takardarsa, shi kuma yana Agadas.

Alhaji Idi Direba: Hahaha. Kuma amandi ɗaya ga kowa ai ba adalci ba ne. Abin da Alhajin babbar kasuwa zai bayar bai ji ba, shi ne cinikin Sabi'u na kwana biyu. Ma'aikacin da ya dubi yaron nan ya ga ba shi da shi ya sake shi, ni a wurina ya fi takardar adalci.

Nura Liyon: Finlan ta magance wannan, can gwargwadon samunka ake yanka maka. A 2002 an ci wani babban manajan Nokia tarar Yuro 116,000, sama da sefa miliyan 76, don ya yi gudun 75 a inda aka ce 50 a kan babur, ko da yake kotu ta rage daga baya. Sai dai su gwamnati ta san abin da kowa ke samu. Mu wa ya san samun mai awon gero?

Mushe Laminu: Duk kun zagaya kun dawo inda nake. Rabi ta ce ba a rubuta masa ikon ba. Baba ya ce in ba littafi ba a bambance shi da ɓarawo. To me ya rage?

Baba Ajidan: Abin da ya rage, ni na ce a rubuta yafiyar, kai ka ce a hana ta. Ba ɗaya ba ne, Laminu. Ranar da aka hana ta, ba mai V8 za a fara rubuta wa takarda ba, tunda shi ba a tsayar da shi tun farko. Sabi'u ne zai rasa 'yar ƙofar da ta rage masa.

Hajiya Zali: Ni kuma na ce a bakin lakkol da bakin kasuwa kada a yafe wa kowa, da littafi ko babu. A daji tsakanin gari da gari ku yi ta tausayinku.

Mushe Laminu: Wa zai shata inda daji ya fara, Hajiya? Shi dai ma'aikacin. Ban janye ba.

Sabi'u Kabu-kabu: Anti Rabi, tunda kina nan. An kama moton ƙanena shekaranjiya an ce gudu, an kai furiya inda ake ajiye abin hawan da aka kama, ba a ba shi ko guntuwar takarda ba. Wani ya ce in kawo jika biyar ya fito mini da shi ta baya.

Rabi'atu: Kada ka ba kowa komai ta baya. Gobe da safe ku je tare da shi, da kartigiris da asiransi da parmi da katin ɗan ƙasa. Ku nemi a faɗa muku laifin da aka rubuta, ku biya a inda ake biya, ku karɓi resi mai hatimi. In an ce ba a rubuta komai ba, ku nemi ganin shugaban wurin cikin ladabi, ka kira ni kafin ku shiga.

Sabi'u Kabu-kabu: Asiransin ta ƙare tun watan azumi fa.

Rabi'atu: To ku fara zuwa ku sabunta ta, kuma ka shirya biyan amandi biyu.