Bitamin D: nawa babba ya kamata ya sha?

Maman Biyu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka mani. Wata uku ke nan ina fama da ciwon baya da kasala, ko tashi daga tabarma sai na dafa bango, na tahi asibiti aka yi mani analiz ɗin jini, sakamako ya hito bitamin D 14 ng/mL. Lokotoro ya rubuta mani ampul guda ta sha mai 100 000 UI (UI shi ne ma'aunin yawan bitamin ɗin) ya ce in dawo bayan wata uku. To sai ga ƙanwar maigidana ta kawo mani kwalba daga Kano, kowace ƙwaya bitamin D 5000 UI ce, ta ce in riƙa shan ɗaya kullum. In haɗa su ko ko? Kuma ni abin da ya ɗaure mani kai, da ranar Maradi wadda ke ƙona mutum, ta ina na rasa bitamin na rana?

Ɗan Zariya Maradi:
Wa alaikum salam Hajiya. Allah ya ba da lahiya. Ni dai ban yarda ba, a garin ga rana ta yi mana yawa ma. Ki hita ki sha hantsi kawai.

Anti Majo:
Ɗan Zariya ba haka ba ne. Rana na waje amma sai ta taɓa fata. Mace tana ɗaki daga safe har la'asar, in ta hita hijabi har ƙasa, ga shi fatarmu baƙa ce, ta fi farar fata jinkirin yin bitamin ɗin. Ko hasken da ya shigo ta gilashin taga ba ya yin aikin.

Maman Biyu don Allah ƙanwata kar ki haɗa. Babba mai lahiya abin da ake so ya samu a rana 600 UI ne, in ya wuce shekara 70 sai 800. Iyakar da bai kamata mutum ya wuce da kansa ba 4000 ce a rana, kin ga ƙwayar 5000 ita kaɗai ta tsallake, balle a ɗora ta bisa ampul. Ampul ɗin nan ba ta gama aiki a kwana ɗaya ba, bitamin D cikin kitse yake zama, jiki na ɗiba kaɗan-kaɗan, shi ya sa aka ce wata uku. In ya yi yawa kalsiyom ke hawa cikin jini, sai tashin zuciya, ƙishirwa, yawan fitsari, har tsakuwa a ƙoda.

Naki 14 ya yi ƙasa, 20 zuwa sama ake so, wasu likitoci ma sun fi son 30. Ki sha ampul ɗin bayan abinci mai mai, ki riƙa cin sardin na gwangwani da gwaiduwar ƙwai da hanta in da hali.

Maman Biyu:
Na gode Anti, Allah ya saka. Har na sha ƙwayar kwana huɗu wallahi, akwai matsala?

Anti Majo:
Kwana huɗu ba komi insha Allahu. Ki aje ta, ranar da za ki koma ki tahi da kwalbar ki nuna ma lokotoro, shi zai gaya maki ko za ta yi amfani bayan an sake analiz.