An yi wa yaro allurar artesunate amma bai farfaɗo ba: ina matsalar take?

Mai jinya a karkara:
Assalamu alaikum. Ina aiki a ƙaramin asibitin ƙauye, kuma tun da damina ta kankama ake kawo mana yaran da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa mummunan kamu. Makon jiya an kawo wata yarinya 'yar shekara uku tana jijjiga, tafin hannunta fari fat, muka yi mata allurar artesunate, wato maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, amma kafin asuba rai ya yi halinsa. Tunda maganin da ya dace muka ba ta, me ya kamata mu yi da ba mu yi ba?

Likitan yara:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙanta, Malama. Gaskiya ne artesunate ya fi kwinin, domin gwajin da aka wallafa a 2010 kan yara fiye da 5,000 a ƙasashen Afirka tara ya nuna mace-mace sun ragu daga kashi 10.9 zuwa 8.5 cikin ɗari, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita shi. Sai dai allurar ƙwayar cutar take kashewa, ba ta mayar da jinin da ya riga ya ƙone. Farin tafin hannun nan alamar ƙarancin jini ne mai tsanani, kuma ƙarin jini yarinyar take buƙata a daren. Sannan duk yaron da ya zo yana jijjiga ko a sume, a auna sukarin jininsa nan take, domin faɗuwar sukari tana kisa cikin hanzari. Kuna da sikeli? Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 na artesunate ake ba shi a kan kowane kilo, ba 2.4 da ake ba waɗanda suka kai kilo 20 ba, kuma ana maimaitawa bayan awa 12 da awa 24.

Mai jinya a karkara:
Muna da sikeli, Likita, amma tsinken gwajin sukari ya ƙare tun watan jiya, wurin ƙarin jini kuwa sai babban asibiti, tafiyar awa biyu a kan babur.

Tsohon jami'in lafiya:
'Yata, a irin wannan hali ki yi allurar farko, ki rubuta lokacin da adadin a takarda, ki tura su a daren ba tare da jiran safiya ba. Idan babu abin gwaji kuma yaro ya suma, a ɗauka sukarinsa ya faɗi, a ba shi ruwan sukari ta jijiya. Ki kuma zauna da mai unguwa tun yanzu, a tanadi motar da za a riƙa kira da dare har zuwa ƙarshen kaka.