Yaya ake shirya binciken lafiyar lemu kafin a fitar da shi waje?

Ɗan Yamaltu:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙungiyarmu ta masu lambu a wajen Dadin Kowa ta samu mai saye a Dubai, yana son lemun tsami da lemun zaƙi, kuma akwai wani da ke maganar Turai. Dukansu sun ce sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai. Shin a tashar jirgi ake duba kayan a bayar da ita, ko jami'ai ke zuwa gona? Yaushe ya kamata a sanar da su? Kuma me suke dubawa a jikin lemun? Masu sani a taimaka, don nunar farko ta kusa.

Malam Na Lambu, Gombe:

Wa alaikumussalam. Ɗan'uwa, hukumar da ke bayar da wannan takarda ita ce NAQS, wato hukumar killace kayan gona ta tarayya, kuma babu wata da ke da hurumin bayar da ita a Najeriya. Amma kada ka fara da zuwa wajensu hannu rabbana. Abin da takardar ke cewa shi ne an duba kayan, sun cika sharuɗɗan ƙasar da za su shiga. Ke nan sai ka fara sanin sharuɗɗan. Ka ce wa mai sayenka ya turo maka su a rubuce daga hukumar ƙasarsa, tare da izinin shigo da kaya idan ƙasar na buƙata. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, ma'aikatar sauyin yanayi da muhalli ce ke kula da wannan. Saƙon murya daga mai saye cewa "ba matsala, ku turo kawai" ba zai fitar da kwali ko ɗaya daga hannun jami'ai a can ba.

Da takardar sharuɗɗan a hannu sai ka rubuta wa NAQS takardar neman bincike. Ka sa sunan kamfani ko ƙungiya kamar yadda yake a rajistar CAC, takardar rajistar mai fitar da kaya ta NEPC (hukumar bunƙasa fitar da kaya waje), irin lemun da sunansa na kimiyya, yawan kwalaye da nauyi, inda gonakin suke, inda za a tattara a sa a kwali, ranar da ake sa ran tsinka, da hanyar da kayan za su bi. Sunan kimiyya ba ado ba ne, shi ake rubutawa a takardar: lemun zaƙi Citrus sinensis, ƙaramin lemun tsami mai iri Citrus aurantiifolia, babban marar iri Citrus latifolia, tanjarin Citrus reticulata. Idan an biya kuɗin bincike, a riƙe rasit.

Binciken kuwa hawa biyu ne. Na farko a gona, tun 'ya'yan na kan bishiya. Na biyu a rumfar tantancewa, bayan an sa a kwali, kafin a rufe mota. Abin da ake yi a filin jirgi ko tashar ruwa yawanci tabbatarwa ne cewa kayan da ke gabansu su ne takarda ta ambata. Wanda ya bari sai kaya sun isa Legas sannan ya nemi jami'i, idan aka yanka lemu aka ga tsutsa, ba shi da inda zai koma da tan ashirin sai kasuwar Mile 12 ta Legas, a farashin da 'yan kasuwa suka ga dama.

A shawarata, a sanar da su wata biyu zuwa uku kafin tsinka don ziyarar gona, sannan a tsayar da ranar binciken kwalaye da tazarar mako guda ko biyu. Ga Tarayyar Turai akwai ƙa'ida tsayayya: kada takardar ta wuce kwana 14 da bayarwa kafin ranar da kayan suka bar ƙasar. Daga Gombe zuwa Legas a tirela, a haɗa da jiran shiga tasha da jinkirin jirgi, kwana 14 ba su da yawa. Sai a lissafa daga ranar tashin jirgi a dawo baya.

Hajiya Mai Tarko, Bauchi:

Malam ya yi bayanin takardu, Allah ya saka. Ni gona zan tsaya, don nan ne yawancin kaya ke faɗuwa.

Babban abin da jami'i ke nema a lemunmu shi ne ƙudan 'ya'yan itace, musamman Bactrocera dorsalis. Asalinsa daga Asiya ne, an fara ganinsa a Kenya a 2003, kafin shekara biyu ya iso Yammacin Afirka. Macen na huda ɓawo ta zuba ƙwai a ciki. Daga waje abin da za ka gani ɗan ɗigo ne kamar na tsinin allura, wurin ya yi rawaya da wuri alhali sauran ɓawon kore ne, idan ka danna ya ɗan lotsa. Ka yanka ta nan, za ka tarar da fararen tsutsotsi marasa ƙafa. Na biyu shi ne wani ƙaramin malam-buɗe-littafi na dare, Thaumatotibia leucotreta. Tsutsarsa guda ɗaya ake samu a lemu yawanci, tana da ƙafafu da kai mai duhu, idan ta girma ta yi ja-ja, tana barin kashinta kamar ɗusa a ramin da ta ci. Yana kuma cin auduga da dawa da barkono, don haka lambun da ke kusa da su sai a ƙara sa ido.

Abin da ya kamata jami'i ya tarar idan ya zo:

Tarkuna a rataye da littafin ƙirga. Ana sa sinadarin methyl eugenol, wanda ke jawo mazan ƙudan, a auduga a cikin gorar roba mai ƙofofi, da ɗan maganin kashewa. A rataya a inuwar cikin bishiya, tsayin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a shafa man giris a wayar don kada tururuwa su kwashe abin da aka kama. Kowane mako a juye a ƙirga a rubuta kwanan wata da lambar tarko. Wannan littafin ya fi duk wani bayanin baki, domin shi ke nuna ko ƙudan na ƙaruwa ko raguwa. A lura, wannan sinadarin ba ya jawo ƙudan Ceratitis capitata, nasa daban ne, trimedlure. Kuma tarkon maza kaɗai ba ya kare lemu, tunda mata ke huda. Ga mata ana fesa abincin yaudara mai furotin da maganin ƙwari spinosad, irin su GF-120, ɗan wuri kaɗan a ganyen bishiya, ba a wanke bishiyar duka da shi ba, ana maimaitawa duk mako ko bayan ruwan sama.

Sai tsabtar ƙasa. Duk lemun da ya faɗi a kwashe shi aƙalla sau biyu a mako, a ɗaure a baƙar leda mai kauri a bar shi a rana na kwanaki, ko a binne shi a ramin da ya kai rabin mita. Tsutsar na fita daga lemu ne ta shiga ƙasa ta rikiɗa ta fito ƙuda, to kwashewar ke yanke zagayen. Mangwaro da gwaiba da ke gefen lambu su ma a haɗa da su, don daga nan ƙudan ke taruwa a damina kafin ya koma kan lemu. Maƙwabcin da ya bar nasa a zube zai ɓata muku aiki, shi ya sa yin abin a ƙungiyance kamar yadda kuke ya fi.

Ban da ƙwari, ana duba tabon cuta a ɓawo da ganye: baƙin ɗigo, ƙuraje masu kaushi da rawaya a kewaye, da tabon Pseudocercospora angolensis mai sa ɗan lemu ya taurare ya tsage. Duk tabon da ba ku gane ba, ku kai samfuri Kwalejin Noman Lambu ta Tarayya da ke nan Dadin Kowa kusa da ku a duba, kafin jami'i ya gano muku.

Littafin feshi ma a ajiye: sunan magani, ranar fesawa, yawan da aka zuba a jarkar feshi, da kwanakin jira kafin tsinka kamar yadda ke jikin kwalba. Ragowar magani ba ta cikin takardar lafiyar tsirrai, gwajinta daban ne a ɗakin gwaji, amma tana mayar da kaya kamar yadda tsutsa ke yi. DDVP, wato piya-piya, shi ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da wakenmu a 2015. Maganin ƙwari chlorpyrifos kuma tun 2020 suka sauko da iyakarsa zuwa miligiram 0.01 a kilo, wanda kusan babu ke nan.

Ɗan Yamaltu:

Na gode Malam, na gode Hajiya. To ranar binciken kwalaye, duka za su buɗe? Kuma idan an ga tsutsa a guda ɗaya, sai a cire shi a wuce da sauran?

Hajiya Mai Tarko, Bauchi:

A'a ɗana, ba a cire ɗaya a wuce. Samfuri ake ɗauka daga kwalaye daban-daban, sama da ƙasa da tsakiyar jeri, jami'i ne ke zaɓa ba kai ba. A lissafin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ɗaukar samfuri, ISPM 31, idan ana son tabbacin kashi 95 cikin ɗari na gano ɓarnar da ta kai lemu ɗaya a cikin ɗari, sai an duba kimanin 300. Idan ɗaya a cikin ɗari biyu ake nema, kimanin 600. Tsutsa mai rai guda a cikin samfurin na nufin akwai 'yan'uwanta a cikin waɗanda ba a buɗe ba, sai rukunin duka ya tsaya. Saboda haka kada ku haɗa lemun gonaki goma a rukuni ɗaya. Kowace gona da lambarta a jikin kwali, da ranar tsinka. Idan gona ɗaya ta faɗi, tara su wuce.

A tanadar wa jami'i tebur mai farin saman, haske sosai, wuƙa mai kaifi, da mutum biyu masu sauke kwali. Tagogin rumfar a sa musu raga, don lemun da aka riga aka duba idan ya kwana a fili ƙuda na iya huda shi.

Alhaji Mai Kwantena:

Ina so in raba wa mai tambaya abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Takardar NAQS daban, takardar CCI, wato shaidar duba kaya kafin a fitar da su, daban. Ita CCI wakilan binciken kaya da gwamnatin tarayya ta naɗa ne ke bayarwa bayan ka buɗe fom NXP na fitar da kaya ta bankinka ka biya kuɗin NESS, wato kuɗin sa ido kan kayan da ake fitarwa, kashi 0.5 cikin ɗari na darajar kayan. Su yawa da inganci da farashi suke dubawa, ba ruwansu da tsutsa. Kana buƙatar duka biyun, da ta kwastan. In da hali a haɗa su rana ɗaya lokacin loda kwantena, don kowace buɗewa na fitar da sanyi.

A rumfa: a tsinka da almakashi a yanke kusa da ɓawo, ba a fizga ba. Kada a tsinka da raɓa ko bayan ruwa, man ɓawon na fashewa ya bar tabo mai ruwan ƙasa bayan kwana biyu, lemun tsami ya fi saurin yin haka. A wanke a ruwan kulorin mai ƙarfin 100 zuwa 150 a ma'aunin ppm, ana sauya ruwan idan ya yi datti, a bar shi ya bushe sarai, in ba haka ba koren fumfuna zai cinye kwalin a hanya. Ganye da reshe kada ko ɗaya ya shiga. Turai ba ta karɓar lemu da ganye ko sanda. Kwali sabo, ba buhu ba, ba kwandon da ya ɗauki tumatir ba. Katakon da ake jera kwalaye a kai dole ya zama mai hatimin ISPM 15, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta katakon ɗaukar kaya, wanda aka gasa cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30. Kafinta ya buga maka na ɗanyen katako a bakin titi, lemunka lafiya lau amma a tsare kwantena saboda katakon.

Maganar Turai kuma, Malam bai faɗa ba amma ni zan faɗa: ku ajiye ta tukuna ga lemun zaƙi. Tun Yulin 2022 suka wajabta maganin sanyi ga lemun zaƙi daga ƙasashen da ke da wancan malam-buɗe-littafi. Ɗaya daga hanyoyin shi ne a fara sauko da cikin lemun zuwa sanyin da za a riƙe shi, sannan a riƙe shi tsakanin digiri 1 ƙasa da sifiri da digiri 2 na kwana 20 aƙalla. Ana soke ma'aunan zafi a cikin lemun kansa, bayan an gwada su a ruwan ƙanƙara. Janareton kwantena ya mutu a hanya zafi ya haura, lissafin ya rushe. Kuma sai hukumar ƙasa ta riga ta sanar da Turai tsarinta a rubuce, ba abin da ɗan kasuwa zai yi shi kaɗai ba ne, sai ku tambayi NAQS kai tsaye matsayin da ake ciki. Lemun tsami ƙarami ba ya cikin wannan sharaɗin, kuma dama ba ya jure irin wannan sanyi. Digiri 9 zuwa 10 yake so, ƙasa da haka ɓawonsa ya lotsa ya yi tabo. Don haka ma kada ku haɗa shi da lemun zaƙi a kwantena ɗaya.

Malam Na Lambu, Gombe:

Gaskiya ne Alhaji, na yarda da ajiye Turai. A fara da lemun tsami kaɗan ta jirgin sama daga Kano ko Legas, a ga yadda takardu ke tafiya.

Ɗan Yamaltu, kafin jami'i ya sa hannu ka karanta takardar layi-layi tare da takardar farashi da ta jerin kaya: sunan mai karɓa da adireshinsa, yawan kwalaye, nauyi, lambar kwantena ko ta jirgi, tashar shiga, da ƙarin bayanin da ƙasar ta ce a rubuta, kalma da kalma yadda suka turo. Takarda ta ce kwali 400 aka ƙirga 420, ashirin ɗin ba su da shaida, kuma suna iya tsayar da sauran. Kada ka goge ko ka gyara da biro. Kuskure sai hukumar ta gyara da hatiminta ko ta sake wata. Ka tura wa mai saye hotonta tun kafin kaya su tashi ya nuna wa wakilinsa na tasha, ta asalin kuma ta bi kayan ko ta riga su isa.