Hoton waya da fuskar da Allah ya ba mu: me kuke gani a garuruwanku?

Mai ƙunshi, wajen Ringim:
Assalamu alaikum. Ina so kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa game da hoton selfi da yaranmu suke ɗauka. Sana'ata ƙunshi da gyaran amare. Kwanaki wata amarya ta miƙo min waya ta ce, "Anti, haka nake so ki mai da ni." Na duba, ashe hotonta ne da ta sa wa filta: ta yi fari fat, hanci ya miƙe, har tsagar da ke kumatunta ta ɓace. Yarinya wankan tarwaɗa, kyakkyawa da ita. Na ce mata dilka da kurkur sheƙi suke sa fata, ba sa canza launi. Ranta ya ɓaci, har aka gama lalle ba ta ƙara cewa uffan ba.

Mai caji da gyaran waya, kasuwar Gujungu:
Hajiya, daga wajenmu abin yake farawa. Da in mutum ya zo sayen waya, batir yake tambaya. Yanzu sai ka ji, "Tana fito da mutum?" Tecno da Itel da Infinix duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na ƙasar Sin, kuma da yawansu kyamarar gaba tana da abin gyaran fuska a ciki, tana goge ƙuraje tana sulɓe fata ko ba ka shiga Snapchat ba. Samari ma suna ciki. Akwai wanda ya dawo min da waya wai tana baƙanta shi, alhali gyaran fuskar kawai aka kashe.

Wata budurwa, wajen Bichi:
Ni baƙa ce, kuma siririya. Tun ina ƙarama ake ce min baƙar tukunya, ban taɓa damuwa ba sai da na yi waya. In na sa hoto da filta a sitatus, sai saƙonni su yi ta shigowa, masha Allah, tubarkalla. Ranar Sallah na sa wanda ba filta, ƙawata ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Na goge shi. Da wani ya fara nemana ta WhatsApp ya ce zai zo zance, kwana na yi ban runtsa ba, ina tsoron ya ga ni ba ta cikin hoton ba ce. Ya zo, bai ce komai ba, har yanzu muna tare. Amma wallahi madubin ɗakinmu na daina son kallonsa.

Ma'aikaciyar lafiya, asibitin sha-ka-tafi a wajen Gaya:
Ƙanwata, Allah ya sanyaya miki. Roƙona ɗaya, kada ki bi hoton nan zuwa kyamis, don ƙarshen hanyar wajenmu take ɓullowa.

A Turai 'yan mata ramewa suke nema. Mu a nan fari da ƙiba ake so, kuma kowanne da gubarsa. Man bilicin da ake haɗawa a roba ba suna ba lamba, sau da yawa akwai haidirokwinon ko makuri ko sitiroyid a ciki. Makuri yana lalata ƙoda. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsattsaga cinya da hammata, gaɓoɓin yatsu kuwa su ƙi yin fari, su ƙara duhu. In aka ji ciwo ko aka yi ɗinki, warkewa sai a hankali. Ga macen ƙauye ba ta rabuwa da rana, daga rijiya sai gona, fuskar sai ta ƙone ta yi jirwaye. A 2023 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa, tana kafa hujja da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna shafa man ƙara haske.

Sai ƙwayar ƙiba, wadda ake kira sha-ka-fashe. Galibi dekzametason ce, maganin da likita yake bayarwa don asma da kumburi. Fuska ta cika, kumatu su yi luhu-luhu, a hoto kamar hutu, alhali ruwa ne da kitse suka taru, ga hawan jini da ciwon suga suna biye. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne mai jegon da ta kawo jaririya rigakafi, na buɗe zani na ji ƙaurin man nan a jikin yarinya. Ta ce dangin miji ne suka ga hoton suna, suka ce wa ta biyo da baƙi haka.

Malamin sakandare, Birnin Kudu:
Malama, su kansu masu manhajojin sun sani. A 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar da binciken cikin gida da ya nuna kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya sun ce in suna jin haushin jikinsu, Instagram ƙara musu yake yi. A ƙarshen 2024 TikTok ta sanar za ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 wasu filtocin canza kama. Sai dai mu maza kada mu zame. A majalisarmu ake cewa "fara ko mayya ce", kuma ƙannenmu suna bayan zana suna ji.

Wata uwa, wajen Kazaure:
Malama, 'yata ta yi wata da watanni tana shan ƙwayar ƙibar nan a ɓoye, shekaranjiya na gano a ƙarƙashin katifa. In kwashe in zuba a masai?

Ma'aikaciyar lafiya:
A'a, Inna, kada a yanke mata farat ɗaya. Wanda ya daɗe yana shan ta, jikinsa ya rage yin nasa sinadarin, in aka tsayar kwatsam jini yana iya faɗuwa har ta suma. Ki kai ta babban asibiti gobe, ki tafi da kwalin a hannunki, likita zai auna jininta da suga ya riƙa rage mata kaɗan-kaɗan. A daren nan kuma ki bar faɗa, ki zauna da ita ki ji wa ya ce mata ta rame.